Bangaskiya da Adalci: Tarihin Muhawarar Kiristocin Zariya a Kan Mulki, Talauci da Haƙƙin Baƙo

Wanda ya fito daga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka, Tudun Wada ce unguwar da zai fara shiga. Turawan mulkin mallaka ne suka yanke ta domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birni ba, kamar yadda suka ware Sabon Gari ga waɗanda jirgin ƙasa ya kwaso daga Kudu. A wannan yanki tsohon asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello yake, da harabar Kongo inda ake horar da lauyoyi da ma'aikatan mulki, ga kuma Kamfanin Gaskiya a gefe. Musulmi ne suka fi yawa a unguwar, amma akwai Kiristoci a cikinta da kewayenta: ma'aikatan jinya, malaman makaranta, ɗalibai da masu sana'o'in hannu. Wasu daga kudancin Kaduna da Filato iyayensu suka zo, wasu kuwa Hausawa ne gaba da baya.

Fiye da shekara ɗari ke nan Kiristocin ƙasar Zazzau suna muhawara a kan tambaya guda: me Littafi Mai Tsarki ya wajabta wa mai bi idan ya ga zalunci? Wannan maƙala ta tattaro asalin muhawarar, da nassosin da ake kafa hujja da su, da mutanen da suka yi fice a cikinta, da kuma inda ta fi tsauri, wato ko adalcin da ake nema na 'yan coci ne kawai, ko na duk wanda aka zalunta.

Abin da ake nufi da wannan ra'ayi

A taƙaice, ra'ayi ne da ke cewa ceton da Kirista ya yi imani da shi ya shafi rai da jiki gaba ɗaya, saboda haka yunwa, da danniya, da cin hanci a kotu, al'amura ne na addini kamar yadda addu'a da azumi suke. Masu wannan fahimta suna ganin ba ya isa a ciyar da mayunwaci a tsaya nan, sai an bincika abin da ya jefa shi cikin yunwar.

Ra'ayin yana da rassa a duniya. A 1891 Fafaroma Leo na 13 ya fitar da wasiƙa a kan haƙƙin ma'aikata, wadda ta zama tushen koyarwar Katolika game da zamantakewa. A 1968 bishop-bishop na Latin Amurka suka taru a Medelin ta ƙasar Kolombiya suka ɗora talauci a kan tsarin mulki da na tattalin arziki, sannan a 1971 wani limamin coci ɗan Peru, Gustabo Gutiyeres, ya wallafa littafin da ya raɗa wa tafiyar suna, wato tauhidin 'yantarwa. A Amurka akwai Martin Luta Kin da gwagwarmayar baƙar fata, a Afirka ta Kudu akwai Desmond Tutu da yaƙi da wariyar launin fata. A ƙasar El Salbado an harbe Babban Bishop Oska Romero ranar 24 ga Maris, 1980, yana cikin jagorantar ibada, kwana guda bayan ya yi kira ga sojoji su daina kashe 'yan uwansu.

Akwai bambancin da ya kamata a lura da shi. A Amurka da Turai, waɗanda ake kira Kiristoci masu ra'ayin ci gaba sukan haɗa batun talauci da sassauci a kan aure da jinsi. A Najeriya an raba biyun. Cocin Angilikan ta Najeriya tana sahun gaba cikin waɗanda suka yi hannun riga da 'yan uwansu na Amurka a kan auren jinsi, ita ce ma ɗaya daga cikin jagororin taron Urushalima na 2008. Don haka limamin da ya fi kowa zafi wajen sukar gwamnati a nan, sau da yawa ɗan mazan jiya ne a sha'anin iyali. Ci gaban da ake magana a kansa a Zariya ya fi kusa da ma'anar da 'yan NEPU da PRP suka ba kalmar: tsayawa a ɓangaren talaka.

Nassosin da ake komawa gare su

Littafin Fitowa ne mafari. Labarin bayin da suka yi kuka a ƙarƙashin Fir'auna, Allah ya ji kukansu ya aiko Musa, shi ne hujjar farko cewa Mahalicci ba ɗan kallo ba ne tsakanin azzalumi da wanda aka zalunta. Sai Littafin Firistoci sura ta 25, inda aka shar'anta cewa duk bayan shekara 50 a mayar wa kowane gida gonarsa, a kuma saki wanda talauci ya sa ya sayar da kansa, domin kada dukiya ta taru a hannun 'yan tsiraru har abada. Dokokin Attaura sun yi ta maimaita mutum uku da aka hana a cuta: maraya, gwauruwa da baƙo.

Annabawa su ne suka fi zafin harshe. Amos, makiyayi ne daga Tekowa, ya zargi attajiran zamaninsa da tauye mudu da sayen talaka da abin da bai taka kara ya karya ba, ya kuma ce Allah ya ƙi bukukuwan ibadarsu muddin shari'a ba ta tafiya daidai. Ishaya sura ta 58 ta yi watsi da azumin wanda yake matsa wa ma'aikatansa. Annabi Natan ya tsaya gaban Sarki Dawuda ya faɗa masa laifinsa ido da ido. A Littafin Sarakuna na Farko sura ta 21 akwai labarin Nabot, wanda aka ƙulla wa sharri aka kashe domin Sarki Ahab ya mallaki gonar inabinsa, labarin da masu wa'azi kan ɗauko duk lokacin da aka ƙwace filin talakawa.

A Sabon Alkawari, Luka sura ta 4 ta ba da labarin huɗubar Yesu a Nazarat, inda ya bayyana aikinsa da cewa albishir ne ga matalauta da saki ga ɗaurarru. Matiyu sura ta 25 ta sa ciyar da mayunwaci, da saukar baƙo, da ziyarar majinyaci da ɗan kurkuku, su zama ma'aunin hisabi. Wasiƙar Yaƙub ta ce bangaskiyar da ba aiki matacciya ce, ta kuma gargaɗi masu gonaki da ke danne ladan 'yan ƙwadago. Misalin Basamariye mai kirki a Luka sura ta 10 shi ne ya fi shafar garin da addini biyu ke zaune tare, domin wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da 'yan fashi suka raunata ɗan wata al'umma ce da masu sauraron ke ƙyama.

Harshen da aka yi tarayya a kansa

A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da aka shafe shekaru ana yi tsakanin ƙungiyoyin mishan da Hausawan da suka taimaka musu, an kuma fitar da sabuwar fassara kusan shekara 50 bayan haka. Masu fassarar sun tarar da Hausar da Musulunci ya riga ya cika da kalmomin addini da na shari'a, suka ɗauka: Allah, annabi, mala'ika, zunubi, tuba, adalci, zalunci, alƙali, sadaka. Sakamakon haka, kalmar da fasto ke amfani da ita ranar Lahadi idan yana karanta Amos, ita ce liman ya yi amfani da ita ranar Juma'a, ita ce kuma ɗan siyasa ke furtawa a kan mumbarin kamfe.

Wannan tarayya tana da nauyi. Tun zamanin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sukar harajin zalunci da rashawar alƙalai ta zama gadon malaman ƙasar Hausa. Kirista Bahaushe da ke magana a kan adalci yana shiga wata hira ce da aka daɗe ana yi, da kalmomin da maƙwabcinsa Musulmi ba ya buƙatar a fassara masa.

Likita Mila: ƙorafi a kan sarauta da iyakarsa

Wolta Mila, wanda aka fi sani da Likita Mila, ɗan ƙungiyar mishan ta CMS ne daga Ingila. Yana cikin ayarin Bishop Tugwel da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya sallame su, suka koma Girku a ƙasar Zazzau. A 1905 ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Daga 1913 ya haɗu da Isawa, zuriyar almajiran wani malami mai suna Ibrahim da aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda fifikon da ya ba Annabi Isa a cikin karatunsa. Wasu daga cikinsu suka karɓi Kiristanci suka zauna a Gimi, inda ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan gari, zuwa Wusasa kusa da Dutsen Kufena, aka gina majami'ar Sen Batalomi da tubalin ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Asibitin Sen Luka da makarantu suka biyo baya.

Mila ya shahara da sukar tsarin mulkin Turawa ta hannun sarakuna. Yana ganin Ingila ta rungumi masu sarauta ta bar talaka a hannun dogarai da masu karɓar haraji. Ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi gaban hukuma, yana zarginsa da zalunci da hannu a cinikin bayi, har Turawa suka tuɓe sarkin a farkon shekarun 1920 suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu. A 1947 Mila ya fitar da littafi da Turanci wanda takensa tambaya ce ga 'yan ƙasarsa, ko sun gaza a Najeriya.

Sai dai tarihinsa yana da fuska ta biyu. Ya yi kalamai masu kaushi a kan Musulunci da Fulani, kuma bai raba neman adalci da burinsa na yaɗa bishara ba. Kotun da yake kai ƙara ita ce ta Turawan da suka ci ƙasar da yaƙi. Zazzagawa da dama suna tuna Aliyu Ɗansidi a matsayin malami kuma mawallafin waƙoƙi da ya ƙi yi wa Nasara ladabin da suke so. Tun daga wancan lokaci zargin ya samo asali, cewa idan Kirista ya yi maganar zalunci a Arewa, akwai wata manufa a ƙarƙashi. Duk mai wannan magana a yau yana ɗauke da wannan kaya, ko ya so ko bai so ba.

Daga Wusasa zuwa fagen siyasa

Ƙaramar al'ummar Wusasa ta haifar da mutanen da tasirinsu ya zarce yawansu. John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a tsakiyar shekarun 1930, ɗaya daga cikin littattafan ƙagaggun labarai na farko da Hausar boko, labarin mai kuɗi da ya ƙwace wa saurayi budurwa, da ramuwar gayyar da ta hallaka wanda bai ji ba bai gani ba.

Dakta Rasel Barau Dikko, likitan zamani na farko daga Arewa, ya yi karatu a Jami'ar Bamingam ta Ingila. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta fara a matsayin ƙungiyar al'adu a 1948, tare da Sa'adu Zungur da Aminu Kano da Abubakar Imam. Ƙungiyar ta ɗaura yaƙi da abubuwa uku: jahilci, lalaci da zalunci. Kirista ne ya jagoranci malaman Musulunci da 'yan boko a ƙarƙashin wannan take, ba tare da addininsa ya zama abin cece-kuce ba. Da ƙungiyar ta rikiɗe ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, Dikko ya sauka saboda shi ma'aikacin gwamnati ne, masu zafin ra'ayi kuma sun riga sun kafa NEPU a Kano a 1950. Sunansa ne ke kan asibitin koyarwa na Barau Dikko a Kaduna.

Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ya tsaya wa Nnamdi Azikiwe mataimaki a zaɓen 1979, ya riƙe ma'aikatar harkokin waje a gwamnatin Shehu Shagari, daga baya ya koma Samaru yana duba marasa lafiya yana kuma hidimar coci har ya rasu a 2005. Janar Yakubu Gowon ma a Wusasa ya tashi, mahaifinsa mai wa'azin bishara ne. Manufarsa ta 1970, cewa ba wanda ya yi nasara ba wanda aka ci da yaƙi, ana yawan danganta ta da tarbiyyar da ya samu, ko da yake masu sukarsa ba su manta da yunwar da ta kashe fararen hula a Biyafara ba.

A daidai wannan zamani wata hanya ta daban ta ɓullo a Tsakiyar Najeriya. Fasto Dauda Lot da abokansa suka kafa ƙungiyar kare waɗanda ba Musulmi ba a ƙarshen shekarun 1940, wadda ta zama tushen jam'iyyar UMBC. A nan adalci yana nufin 'yantar da ƙananan ƙabilu daga ƙarƙashin masarautu. Ƙungiyar Kiristocin Arewa ta 1964 da CAN ta 1976 sun fi gadon wannan hanya. Don haka tun kafin samun 'yanci hanyoyi biyu suka bayyana: ta haɗa kai da Musulmi a yaƙi zalunci gaba ɗaya, da ta haɗa kan Kiristoci a kare haƙƙinsu.

Masu ja da ra'ayin daga cikin gida

Ba duka Kiristocin Arewa suka yarda coci ta sa baki a siyasa ba. Mishan irin su SIM, uwar cocin ECWA, sun daɗe suna koya wa mabiyansu cewa siyasa ƙazanta ce. Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya zama babban sakataren ƙungiyar Ibanjelika ta Afirka, ya yi gargaɗi a littafinsa na 1975 cewa tauhidin 'yantarwa yana neman maye gurbin ceto daga zunubi da ceto daga mulkin danniya. Kato ya rasu a gaɓar tekun Kenya a watan Disamban wannan shekarar, amma ra'ayinsa yana nan da rai a makarantun tauhidi. Duk da haka taron Ibanjelika na duniya da aka yi a Lozan ta ƙasar Suwizalan a 1974 ya amince cewa shelar bishara da kula da al'amuran jama'a duka wajibi ne a kan Kirista.

Nassin da aka fi jayayya a kansa shi ne Romawa sura ta 13, inda Manzo Bulus ya umarci a yi biyayya ga mahukunta. Masu son a yi shiru suna tsayawa a nan. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da cewa surar da kanta ta siffanta mai mulki a matsayin bawan Allah domin alherin jama'a, kuma a Ayyukan Manzanni sura ta 5 manzannin sun ƙi bin umarnin majalisa da ya saɓa wa na Allah. A 1985 malaman tauhidi na Afirka ta Kudu suka fitar da takardar Kairos, suka zargi gwamnatin wariyar launi da fakewa da wannan sura.

Ƙalubale na uku shi ne wa'azin wadata, wanda ya bazu daga Kudu tun zamanin Benson Idahosa na Benin. Yana koyar da cewa arziki alamar bangaskiya ce, kuma baiko iri ne da ake shukawa a girbe. Masu sukarsa suna cewa yana ɗora laifin talauci a kan talaka, yana wanke wanda ya sace kuɗin asibiti muddin ya kawo ushiri.

Daga 1987: adalci ga wa?

Rikicin da ya tashi a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan a watan Maris na 1987 ya bazu zuwa Kaduna, Zariya, Funtuwa da wasu garuruwa. An ƙona majami'u fiye da 100 a tsohuwar Jihar Kaduna, Zariya da Wusasa suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. A wannan shekarar masanin tarihi Dakta Yusufu Bala Usman na Jami'ar Ahmadu Bello ya fitar da littafinsa a kan yadda masu mulki ke juya addini domin raba kan talakawa. Zangon Kataf ta biyo baya a 1992, rikicin shari'a na Kaduna a 2000, sai tarzomar bayan zaɓen 2011, wadda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce ta ci rayuka fiye da 800 a Arewa. A Zariya an ƙona majami'u, a Zonkwa da kewayenta an kashe Musulmi da yawa. Ranar 17 ga Yuni, 2012, aka tayar da bama-bamai a babbar majami'ar Katolika ta Sabon Gari da wata majami'ar ECWA a Wusasa da wata a Kaduna, ramuwar gayya ta biyo baya a kan Musulmin da ba su da hannu.

Wanda aka ƙona wa wurin ibada ba za a zarge shi ba idan ya fara da kukan kansa. Amma wannan zamani ya ƙuntata ma'anar adalci, kowane ɓangare ya riƙe lissafin gawarwakinsa ya manta da na ɗan uwansa. Waɗanda suka yi ƙoƙarin faɗaɗa ma'anar sun sha suka daga gida da waje. Fasto James Wuye, wanda ya rasa hannu a rikicin 1992, da Imam Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan uwansa, sun kafa cibiyar sasanci a Kaduna a tsakiyar shekarun 1990, suka taimaka wajen yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna da shugabannin addinai suka sa wa hannu a watan Agustan 2002. Bishop Josiah Idowu-Fearon na Angilikan, wanda ya yi karatun Musulunci mai zurfi, ya sha zargin sassauci daga wasu 'yan cocinsa, kafin ya zama babban sakataren Angilikan na duniya a 2015.

Bishop Matthew Hassan Kukah, ɗan ƙasar Zangon Kataf, shi ne muryar da aka fi ji. Ya yi sakataren kwamitin Oputa da ya binciki take haƙƙin jama'a na zamanin soja, ya zama Bishop na Sakkwato a 2011, yana kuma cikin kwamitin zaman lafiya na ƙasa tare da Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Saƙonsa na Kirsimetin 2020, inda ya zargi gwamnatin Muhammadu Buhari da fifita 'yan yankinta a naɗe-naɗe, ya jawo martani mai zafi daga ƙungiyoyin Musulmi, har wasu suka nemi ya ba da haƙuri ko ya bar Sakkwato. Magoya bayansa sun ga Natan a gaban Dawuda, masu sukarsa sun ga tsohon zargin zamanin Mila ya dawo.

Zariya ta ga wani gwajin a watan Disamban 2015, lokacin da sojoji suka yi arangama da mabiya Shaikh Ibrahim Zakzaki a Husainiyya da Gyallesu, maƙwabciyar Tudun Wada. Gwamnatin jiha ta shaida wa kwamitin bincike cewa an binne gawa 347 a kabari guda. Waɗanda aka kashe ba su da farin jini a wurin mafi yawan Musulmi, ba kuma Kiristoci ba ne, shi ya sa masu magana suka yi ƙaranci. Da gwamnati ta haramta ƙungiyar a 2019, Kadinal John Onaiyekan na Abuja yana cikin waɗanda suka yi gargaɗi cewa abin da aka yi wa 'yan Shi'a yau ana iya yi wa wani gobe.

Baƙo a garin da aka haife shi

Tudun Wada unguwar baƙi ce tun asali, shi ya sa dokar Attaura a kan baƙo take da ma'ana ta musamman a nan. Tsarin mulkin 1999 ya hana gwamnati ɗaukar wani addini a sashe na 10, ya ba da 'yancin addini a sashe na 38, ya haramta wariya a sashe na 42. Amma a aikace takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma ce ke buɗe ƙofar gurbin karatu, tallafi da aikin gwamnati. Wanda aka haifi kakansa a Tudun Wada ana iya ce masa ya koma garinsu ya karɓo.

Hausawa da Fulani Kiristoci, waɗanda ke kiran kansu Masihiyawa kuma suke da ƙungiyar Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, sun daɗe suna kukan cewa a wasu jihohin Arewa ana ba su wahala wajen samun wannan takarda, da filin gina coci, da malamin addininsu a makarantun gwamnati. Bahaushe Musulmi da aka haifa a Jos ko Kafanchan yana da irin wannan kuka a kan takardar asali. Ciwo ɗaya ne, amma ba safai ɓangarorin biyu ke kai ƙara tare ba. Masu karanta misalin Basamariye da idon adalci suna cewa nan ne ya kamata a fara, domin dokar da za ta kare Kirista a Kano ita ce za ta kare Musulmi a Filato.

Inda muhawarar ta tsaya a yau

Talauci bai tambayi addinin kowa ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan kashi 65 cikin 100 na waɗannan a Arewa suke. Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta kai matasa kan titi a watan Agustan 2024, har gwamnatin Kaduna ta sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya. Sashe na 14 na tsarin mulki ya ce tsaro da walwalar jama'a su ne babban aikin gwamnati, amma sashe na 6 ya hana kotu tilasta cika alƙawuran babin da yake ciki. Wannan giɓi ne ya bar wa mumbari, da jarida, da titi, aikin tunatarwa.

Coci-coci suna da kayan aiki. Katolika tana da hukumar adalci, ci gaba da zaman lafiya a dayosis-dayosis, mai sa ido a zaɓe da taimakon fursunoni, kuma bishop-bishop ɗinta sun yi tattaki cikin baƙaƙen kaya a Abuja ranar 1 ga Maris, 2020, saboda kashe-kashe. Angilikan tana da kwalejin tauhidi ta Sen Faransis a Wusasa, inda ake horar da limamai. Zumuntar Mata, wadda kusan kowace coci mai amfani da Hausa take da ita, ita ce ke ɗaukar nauyin da ba a bugawa a jarida: kuɗin makarantar maraya, jarin gwauruwa, abincin majinyacin da ba shi da mai jinya.

Ga mai bibiyar siyasa, hanyar auna kowace huɗuba ko sanarwar shugaban addini a buɗe take. A duba ko mai maganar ya soki gwamnati lokacin da ɗan addininsa ke kan mulki kamar yadda ya soki ta wani. A duba ko ya buɗe hannunsa ya karɓi kyautar wanda yake suka. A kuma duba sunayen da yake ambata idan ya tashi lissafin waɗanda aka zalunta: ko Debora Samuel da aka kashe a Sakkwato a watan Mayun 2022 tana ciki tare da masu Mauludin Tudun Biri da jirgin soja ya hallaka a watan Disamban 2023, ko kuwa ɗaya kawai yake tunawa. Wannan ma'auni ya hau kan fasto, ya hau kan liman, ya kuma hau kan matashin da ke yaɗa maganarsu a Facebook.